Ta'aziyyar da Na Tara wa Yunusa Ɗan Sin

Na sauka Jidda ina jin kaina malami. Shekara takwas na yi ina koyarwa a Islamiyyar unguwarmu a Malumfashi, in na ratso layi yara har ƙasa suke gaishe ni. Da na samu gurbin karatu a wata cibiyar koyar da Larabci, aka ce shekara ɗaya ta share fage ce kafin a shiga kwaleji, sai na ce a raina wannan shekarar ta hutu ce. Kwana uku da sauka na shiga wani ɗan kanti zan sayi burodi. Mai kantin ya yi mini tambaya sau uku, ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Da ya gaji sai ya ɗaga leda ya kaɗa mini ita a fuska. Ashe tambayata yake ko ina son leda.

Ɗakunan ɗalibai sun cika, aka ce kowa ya nemi wurin kansa. A bakin masallaci na haɗu da wani mutum mai fara'a, ya ji ina waya da Hausa, ya riƙe hannuna biyu yana cewa ai ni ɗan'uwansa ne. Shi ya samo mini ɗaki a unguwar Waziriyya, hawa na uku, ya ce har da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Na'urar kam tana nan a bango. In ka kunna ta sai ta yi ta gurnani tana hura maka zafin da ta kwaso daga waje. Daga ranar da ya miƙa mini makulli ban sake ganin ɗan'uwan nawa ba, lambarsa ma ta daina shiga.

Washegari da na dawo daga aji na tarar da ƙofa a buɗe, ga wani ɗan Sin siriri mai tabarau yana jera littattafai a kan taga. Na zaro makullina na nuna masa. Shi ma ya zaro nasa ya nuna mini. Mutumin nan ɗaki ɗaya ya ba mu haya mu biyu. Ni na fara faɗa, rabi da Larabcin littafi rabi da Hausa. Ya tsaya yana kallona har na gama, sannan ya nuna gadajen da yatsa, ya ce da Larabcinsa mai tafiya a hankali, "Gado biyu. Mu biyu." Ya ci gaba da jera littattafansa.

Sunansa Yunus, ni nake ce masa Yunusa. Musulmi ne daga wani gari mai sanyi a arewa maso yammacin ƙasarsu, kuma ashe ajinmu ɗaya. Shi kuma Ustaz yake ce mini, tun da na gaya masa ni malami ne a gida, kuma ai ban ɓata lokaci ba wajen gaya masa.

Abu biyu ya shigo da su ɗakin nan waɗanda suka tsaya mini a rai. Na farko fulas ɗin ruwan zafi. Kullum bayan Asuba sai ya tafasa ruwa, ya zuba kofi biyu, ya ajiye ɗaya a gefen gadona. Ba ganyen shayi, ba sukari, ruwa zalla yana tururi, a garin da kake zufa tun kafin rana ta fito. Na ɗauka ko rowa ce ko raini. A garinmu ko maƙiyinka ne ya zo da rana, ruwan randa za ka ba shi. Sai in jira ya shiga wanka in juye shi a makwarara, in mayar da kofin. Wata huɗu ina haka.

Na biyu wata farar takarda da ya manna a bango, ya raba ta gida-gida. Lokacin tashi, lokacin bitar darasi, lokacin wanki, har da minti ashirin na kishingiɗa bayan Azahar. Bayan La'asar an rubuta Balad, wato tsohon garin Jidda inda kasuwanni suke. Ranar Juma'a kuwa, bayan an sauko, akwai gida ɗaya da ya kewaye da jan biro, ya rubuta Mama. Na taɓa ce masa, "Yunusa, to numfashi fa, ƙarfe nawa ka sa shi?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "In ban gaya wa rana abin da za ta yi ba, ita za ta gaya mini, kuma kullum cewa take in kwanta in tuna gida."

Ni kam na bar rana tana gaya mini. Kewar gida ta kama ni irin wadda ban taɓa sanin akwai ta ba. In na ga yarinya mai shekarun Ummi ɗiyata a titi sai in tsaya ina kallo har uwarta ta janye ta. Maganin da na samo wa kaina shi ne Hindawiyya, unguwar da Hausawa suke da yawa. A can akwai shagon Baba Usman tela, dattijo haifaffen Jidda, wanda kakansa ya zo Hajji a ƙasa bai koma ba. Bai taɓa taka Najeriya ba, amma yana kwatanta maka ƙofofin Kano kamar jiya ya baro su. A shagonsa nake wuni, in ci tsiren Adamu, wani Bahaushen Sudan da ke gashi a bakin layi, in yi ta zuba Hausa har Magariba. Na zo ƙasar Larabawa koyon Larabci, sai ga shi Hausata ce take ƙara kauri.

A wata na huɗu aka yi jarrabawar baki. Malamai biyu suka zaunar da ni suka ce in ba su labarin yadda na wuni jiya. Da sun ce in kawo sharuɗɗan alwala da sun ga aiki. Na buɗe baki, na rufe, na sake buɗewa. Na faɗi warwas. Shugaban sashen ya kira ni ofis, ya ce akwai dama ɗaya a ƙarshen shekara, wanda ya sake faɗuwa ba za a sabunta masa iƙama ba, wato takardar zama. Sai gida.

Da yamma na kira Hadiza matata. Ta ce, "Malam, ya jarrabawar?" Na ce, "Ai sun ce ba su taɓa ganin irina ba." Wannan kam gaskiya na faɗa, ko da yake ba yadda ta fahimta ba. Ta yi ta hamdala, ina jin tana gaya wa Inna mahaifiyata. Na kashe wayar na zauna ina tunanin ranar da zan sauka a tashar Malumfashi da jakata, yaran da na koyar su zo su karɓa suna tambayar ina digirin.

Baba Usman ne ya fara faɗa mini gaskiya, bai ko ɗaga kai daga keken ɗinki ba. Ya ce, "Wallahi ya waladi, zuwanka yana mini daɗi, kana kawo mini ƙanshin ƙasar kakana. Amma ba Hausa aka turo ka karatu ba. Halas, magana ta ƙare, ka riƙa zuwa ranar Asabar kawai." Na ji haushinsa ƙwarai. Na koma ɗaki na tarar Yunusa ya rataya jakarsa zai fita. Ya dube ni ya ce, "Yalla, Ustaz, mu tafi." Ba ni da wurin zuwa, sai na bi shi.

A Balad na ga abin da yake yi kullum. Dokarsa ita ce sai ya yi hira da mutum uku kafin Magariba, ko suna so ko ba sa so. Zai tsaya gaban mai kayan ƙamshi ya tambayi sunan kowane buhu, ya wuce wajen mai turare, ya ƙare a wajen wani tsoho mai gyaran agogo a ƙarƙashin tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako. A ranar farko mai kayan ƙamshin ya kwaikwayi maganarsa, ya ja idanunsa da yatsu, maƙwabtansa suka kwashe da dariya. Jinina ya tafasa. Yunusa kuwa ya jira suka gama, ya sake tambayar sunan buhun, ya rubuta a ɗan littafinsa.

A mota na ce masa, "Kai ba ka da zuciya ne? Abin nan bai yi maka ciwo ba?"

Ya ce, "Ya yi. Daga nan zuwa gadar can zan ji ciwonsa. In mun wuce gadar sai in ajiye shi."

Na zuba masa ido ina jira. Muna wuce gadar ya buɗe littafinsa ya fara bita.

Haka muka yi wata biyar. Da farko kunya kamar ta kashe ni, ni da ake durƙusa wa, ga ni ina in'ina a gaban mai sayar da dabino. Sannu a hankali kunnena ya buɗe. Tsohon mai agogo ya fara ajiye mana kujeru biyu. A hanya Yunusa ya nuna mini bayan littafinsa, inda ya tsara shekara biyar masu zuwa. Zai gama kwaleji, ya zama tafinta a tashar jiragen ruwa tsakanin 'yan kasuwar ƙasarsu da Larabawa. A shekara ta uku ya rubuta cewa zai kawo mahaifiyarsa ta ga Ka'aba. Ya ce ita ta sayar da tumakinta lokacin da zai taho.

Ita wannan uwa na san muryarta. Duk Juma'a in mun sauko, a can wajensu yamma ta yi, sai ɗakin ya cika da maganarta, mace mai ƙarar murya da saurin dariya. Ba ta iya faɗin sunana Lawal ba, Lawa take cewa. Wata Juma'a ta yi magana, Yunusa ya juyo ya ce, "Tana tambaya ko kana shan ruwan zafinka." Na ce ruwan zafi kuma? Ya ce ai ita ta ce duk wanda ya zauna ɗaki ɗaya da shi ya riƙa zuba masa, don baƙo a ƙasar da ba tasa ba cikinsa ne ke fara lalacewa, kuma uwarsa ba ta kusa. Na tuna kofunan da na juye a makwarara. Na karɓi wayar na ce mata ina sha, Mama, kullum. Washegari na sha, ya ƙona mini harshe, na shanye.

Saura kamar sati uku jarrabawa na lura ɗakin ya yi shiru ranar Juma'a. Yunusa zai zauna a bakin gado a daidai lokacin, ya kifa wayar a cinyarsa, ya yi rabin sa'a yana kallon bango, sannan ya tashi ya shiga abin da ke gaba a takarda. Juma'a ta farko na ce matsalar layi ce. Ta biyu na yi shiru. A ta uku na ce, "Yunusa, ina Mama? Kwana biyu ban ji ta ba."

Ya ce, "Ta rasu. Yau kwana ashirin."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a ƙasa ban san na zauna ba. Ya ba ni labarin da murya ɗaya, kamar mai karanta darasi. Wata biyu tana ciwo, ta hana kowa ya gaya masa sai ya gama jarrabawa. Duk dariyar nan da nake ji, daga gadon asibiti take yin ta. Sai da aka binne ta yayarsa ta kira shi. Ya ce a wajensu wanda ke nesa da wanda ke gida, kowa labari mai daɗi kawai yake aika wa ɗan'uwansa. Daga nan ya duba agogo ya ɗauko littafin bita.

Abin ya fi ƙarfin tunanina. Uwa ta rasu, kwana ashirin, ba wanda ya zo ya zauna, ba wanda ya ce Allah ya jiƙanta, ɗanta yana kasuwa yana koyon sunan citta. Kuma ina ɗaki ɗaya da shi. Na ji kamar ni na yi laifin. A garinmu ko bare ne ya yi rashi a unguwa, sai an shimfiɗa masa tabarma. Ban tambaye shi ba, don a ganina wannan ba abin tambaya ba ne. Ranar Asabar na tafi Hindawiyya na gaya wa Baba Usman. Ya kashe keke nan take, ya ce wa Adamu ya rufe tukuba. Bayan La'asar muka hau benen nan mu goma sha ɗaya, da dabino da tabarma.

Mun tarar da shi a tsaye da jakarsa a kafaɗa, zai tafi Balad. Ya dube su, ya dube ni. Mutane suka cika ɗakin har bakin ƙofa, aka zaunar da shi a tsakiya, aka yi addu'a mai tsawo, kowa ya matso ya ba shi hannu. Baba Usman ya riƙe hannunsa bai saki ba, yana yi masa magana a hankali da Larabcin Jidda, yana cewa shi ma yana can wajen aiki tasa uwar ta cika. Da aka shafa sai Yunusa ya miƙe ya tattaro duk abin da muke da shi mai kama da kofi, ya zuzzuba musu ruwan zafi. Na ga Adamu yana leƙa cikin kofinsa yana neman ganyen shayi. Baba Usman ya ɗaga nasa ya shanye, sauran suka bi.

Na raka su har bakin titi ina jin na sauke nauyi. Da na dawo na same shi a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa yana kuka. Ban taɓa jin namiji yana kuka irin wannan ba. Da ya iya magana ya ce, "Wa ya ce ka gaya musu?"

Na ce, "Yunusa, haka ake yi. Hakkinka ne a kanmu."

Ya ce, "Kwana ashirin da ɗaya ina riƙe da shi. Kwana takwas suka rage. Na sa masa rana, Ustaz. Ranar da muka fito daga jarrabawa zan yi mata kuka. Ita ta ɓoye ciwonta don in ci, kai kuma ka zo ka buɗe."

Washegari bai tafasa ruwa ba. Ya yi salla ya koma gado ya juya wa ɗakin baya. Bai je aji ba, ranar da ta biyo ma haka. Takardar tana bango ba mai kallonta. Tsoro ya kama ni sosai. Yaron da kowa ya san shi zai zo na ɗaya, ga shi zai rasa iƙamarsa saboda alherin da na yi masa. Ban taɓa jin kaɗaici a Jidda irin na kwanakin nan ba, mu biyu a ɗaki ba mai cewa uffan, sai gurnanin mukayyif.

Ban san yadda ake ba ɗan Sin haƙuri ba, kuma na ga inda sanina ya kai mu. Sai na tsaya gaban takardarsa na karanta. Bayan Asuba na tafasa ruwa na ajiye masa kofi. Lokacin bita na zauna na karanta darasi da ƙarfi. Bayan La'asar na ce, "Yalla, Yunusa." Bai motsa ba, na tafi ni kaɗai. Na yi hira da mutum uku, na dawo na zauna a bakin gadonsa na ba bayansa labarin duk abin da suka ce. Kofin kuwa yadda na ajiye shi haka nake ɗauke shi.

A rana ta huɗu na ce masa tsohon mai agogo ya ajiye kujera biyu, ya ƙi bari kowa ya zauna a ɗayar, ya ce ta ɗan Sin ce. Can sai na ji ya ce, fuskarsa tana bango, "Ruwan nan naka bai tafasa ba. Ɗumi kawai yake yi." Ya tashi ya juye shi, ya ɗora wani. Ranar tare muka tafi Balad, bai yi wa kowa magana ba, amma ya zauna a kujerarsa.

Jarrabawar ta zo. Na yi zufa, na yi tuntuɓe, amma bakina bai rufe ba har suka ce ya isa. Da aka kafe sakamako na fara duba daga ƙasa, don na san matsayina, kuma ban yi nisa ba na ga sunana cikin waɗanda suka haye. Yunusa ya zo na shida. Na ce masa, "Biyar ɗin nan da suka wuce ka, ni na ba su." Ya ce haka ne. Bai sassauta mini ba ko kaɗan. Sai da muka kusa gida ya ce, "Ranar ce ka kuskure. Amma tsohon nan da ya riƙe hannuna, tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya riƙe ni haka. Ka kai ni in gaishe shi kafin in tafi."

Na ce, "Ka tafi ina?"

Mahaifinsa ya rage shi kaɗai a gida, ba ya ko iya dafa wa kansa abinci. Yunusa ya nemi a ɗaga masa zango ɗaya. Ya nuna mini bayan littafinsa, ya soke shekara ta uku da layi ɗaya, sauran ya matsar da su gaba. Zango ɗayan nan ya zama shekara, har yau bai dawo ba. Yana tafinta a wata kasuwa a ƙasarsu, yana kula da tsohon, kuma duk saƙon da ya turo sai ya ce tsarin yana nan, lokaci kawai ya canza.

Ya bar mini fulas ɗin da takardar a bango. Juma'ar farko bayan tafiyarsa na dawo daga masallaci, ɗakin ya yi mini faɗi. Idona ya sauka a kan gidan nan mai jan biro, inda har yanzu aka rubuta Mama. Na zauna a bakin gadonsa na kira Hadiza. Na gaya mata na faɗi jarrabawar farko, na gaya mata saura ƙiris a koro ni, da zafin ɗakin, da yadda nake tsayawa ina kallon 'ya'yan mutane a titi.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Malam, ni ma akwai abin da ban gaya maka ba. Lokacin da kake shirin jarrabawar nan, Ummi ta yi kwana tara a asibiti. Akwai ranar da muka cire rai. Inna ta ce kada a tayar maka da hankali."

Na ce, "Tana ina?"

Ta ce, "Ga ta nan tana wasa a tsakar gida. Ta warke sarai."

Na ce ta kai mata wayar. Ina jin takun Hadiza, ina jin tana kiran sunanta. Sai ga muryar yarinyar tana haki, ta ce, "Baba, an yi mini allura goma sha biyu, kuma Umma ta ce kar in gaya maka."

Na ce, "Gaya mini, Ummi. Fara daga ta farko."